Zafin Ƙaramin Injin Tayar da Tsohuwar Katafila Bayan An Sabunta Shi

 

Mai girma shugaban wannan taro, iyayenmu dattawan sana'a, malamai, 'yan'uwana kanikawa da direbobin manyan injuna, da ƙannenmu masu koyon aiki, ina yi muku barka da zuwa. 

Matsalar da aka ce in yi magana a kanta, duk wanda ya daɗe yana taɓa tsofaffin katafiloli ya san ta. Bakanike ya sauke ƙaramin injin fetur ɗin nan da ke tayar da babban injin dizal. Ya kai bulok an yi masa borin, ya sa sababbin fistin da ringi, ya goge bawul, ya yanka gaskit, ya ɗaure komai tsaf, har ya shafa fenti. Aka ɗora, aka ja igiya, inji ya kama da murya mai daɗi. Kafin a yi minti biyar sai fenti ya fara hayaƙi, tof-silinda ya ƙi taɓuwa, ruwa ya soma ƙugi a ciki. Mai katafila yana tsaye, ya riga ya zuba kuɗinsa. A wannan lokaci abin da zuciya ke raya wa mutum shi ne ya sake sauke injin ya farke shi, ko ya ɗora laifin a kan mai borin.

Abin da na zo in faɗa muku shi ne a dakata da sifana tukuna. Wannan ƙaramin inji ba ya rayuwa shi kaɗai. Ruwan da ke sanyaya shi na babban inji ne, abin da ke tura ruwan ma na babban inji ne. Wanda bai riƙe wannan ba zai sauke shi ya mayar, ya sake saukewa, zafin yana nan inda yake.

Sai mun san dalilin da ya sa aka ƙera shi haka kafin mu gane cutarsa. An kafa kamfanin Caterpillar a Amurka a 1925, lokacin da kamfanin Holt da na Best suka haɗe. A 1931 suka fitar da katafilarsu ta farko mai injin dizal. Shi dizal ba shi da fulogi. Iska yake matsewa, wajen ninki 16 ko fiye, har zafinta ya wuce digiri 500, sannan a feso mai ya kama da kansa. Juya irin wannan inji da sanyin safiya aiki ne da hannun mutum ba zai iya ba, kuma batir da kik na wancan zamani ba abin dogaro ba ne ga injin da zai kwana a daji, balle a ƙasashen da ruwa ke daskarewa. Sai injiniyoyinsu suka liƙa wa babban injin wani ƙaramin injin fetur mai silinda biyu, wanda mutum ɗaya zai iya tayarwa da igiya ko da hannun juyawa. Kamfanin John Deere ma ya bi wannan hanya a tarakta samfurin R da ya fitar a 1949. Shi kuwa International Harvester wata dabara ya yi: babban injin ne da kansa yake tashi da fetur, in ya ɗumama a juya shi zuwa dizal.

Aikin ƙaramin injin uku ne, ba ɗaya ba. Yana juya babban inji. Hayaƙinsa yana bi ta wani bututu a cikin manifol ɗin da dizal ke shaƙar iska, don iskar ta shiga da ɗumi. Sannan zafin jikinsa yana shiga ruwan da suke tarayya, ya ɗumama bulok ɗin dizal. Wato zafin da muke kuka da shi da gangan aka so a same shi. Abin da ba a so shi ne ya tsaya wuri ɗaya.

Iri biyu za ku fi gamuwa da su. A D2, wadda aka yi daga 1938 zuwa 1957, da D4 da D6 na wancan zamani, silindojin biyu a kwance suke, ɗaya dama ɗaya hagu, kuma injin yana zaune a bayan dizal, a bisa gidan fulawil. Na D2 da D4 ƙarfinsa wajen doki 10 ne. A D7 da D8 kuwa silindojin a tsaye suke, injin yana gefen dizal, ƙarfinsa ya haura doki 20, har da giya biyu, mai sauri da mai ƙarfi. Tsarin ya daɗe, don har D8H da aka yi daga 1958 zuwa 1974 ana samunta da ƙaramin inji. Yawancin maganata a kan masu kwantattun silinda ne, amma hanyar binciken ta shafi duka.

To, mu zo kan ruwa, don a nan zan fi daɗewa.

Ƙaramin injin D2 ko D4 ba shi da lagireto nasa, ba shi da fanka, ba shi da famfon ruwa. Ƙofofi ne kawai ke haɗa shi da babban inji, ta ƙasa da ta sama. Muddin dizal yana tsaye, famfon ruwansa ma a tsaye yake. Abin da ke motsa ruwan a lokacin shi ne ɗabi'arsa: ruwan da ya ɗau zafi nauyinsa yana raguwa, sai ya hau sama ya fita ta ƙofar sama, mai sanyi ya shigo ta ƙasa ya maye gurbinsa. Motar Ford samfurin T ta yi shekaru tana aiki da wannan tsari ba tare da famfo ba. Tsarin yana aiki, amma tafiyarsa a hankali take, kuma ƙarfinsa kaɗan ne ƙwarai. Ɗan kumfar iska ko ɗan tarin laka ya isa ya tsayar da shi cak. Sai an haɗa giyar ƙaramin injin da fulawil ɗin dizal, dizal ya fara juyawa, sannan famfo ke ture ruwan da gaske.

Ku lura kuma, a lokacin tayarwa ba lagireto ke sanyaya ƙaramin inji ba. Tamostat a rufe yake saboda ruwa da sanyi. Ƙarfen babban bulok ɗin nan mai sanyi, da ruwan da ke cikinsa, su ne ke shanye zafin.

Saboda haka tambayar farko ba ta buƙatar sifana. A tambayi wanda ya tayar: minti nawa ka bar shi yana aiki kafin ka haɗa shi da dizal? Sau da yawa amsar tana nan. Bakanike ya gama sabon aiki, yana son ringi su zauna, sai ya bar ƙaramin injin yana ta gudu shi kaɗai kwata ɗin awa ko fiye, kamar yadda zai yi wa injin mota. Niyyarsa mai kyau ce, amma wannan inji ba a yi shi don haka ba. In ana son a sassaƙa sabon aiki, a tayar, a ba shi minti ɗaya ko biyu ya daidaita, a haɗa shi da dizal alhali libar kwamfureshan tana kan matsayin tayarwa, man dizal a rufe. Nauyin ba shi da yawa, famfo yana juyawa, ruwa yana zagayawa, kuma baƙin man babban inji yana hawa. A haka zai iya daɗewa yana aiki lafiya. Gwajin nan shi kansa bincike ne. In zafin ya sauka da zarar dizal ya fara juyawa, to hanyoyin ruwa a buɗe suke, ko da ba gaba ɗaya ba. In zafin ya ci gaba da hawa, akwai abin da ya toshe, ko kuma wuta ce ta yi yawa.

A nan zan ja kunnen ƙannenmu. Agogon zafi da ke gaban direba ruwan babban inji yake aunawa. Yana iya kwanciya a ƙasa alhali ruwan da ke kewaye da ƙaramin silinda yana tafasa. Kada ku dogara da shi. Yanzu akwai ma'aunin zafi na hannu da ake haskawa daga nesa. A haska tof-silinda na dama, a haska na hagu, a haska wajen fitar ruwa. Ruwan da ba a matse ba yana tafasa a digiri 100, a wurare masu tudu irin Jos ma tun wajen 96. Kan silindar da ke tsakanin digiri 70 da 90 zafinsa na aiki ne, ko da hannu ba ya jure shi. Sabon fenti kuwa dole ya yi hayaƙi da wari a kusa da mafitar hayaƙi a tashin farko. An sha farke lafiyayyen inji saboda warin fenti.

Daga nan sai yawan ruwa da iska. Ƙaramin injin yana daga cikin wurare masu bisa a duk hanyar ruwan, ga shi kuma a can baya. In ruwa ya ragu, shi ne farkon wanda zai bushe. In an ajiye katafila hancinta yana kallon gangare, duk iskar da ke ciki baya za ta koma ta taru a kansa. Bayan an sauke inji an mayar, hanyoyinsa cike suke da iska, kuma in an kwarara ruwa da bokiti a gurguje, lagireto zai nuna ya cika alhali akwai iska a maƙale. Maganin wannan ba ya cin ko sisi. A tsayar da ita a wuri mai daidai, ko hancin ya ɗan ɗaga sama. A zuba ruwa a hankali. A juya dizal na ɗan lokaci, a tsaya, a duba. In ruwan ya sauka, iska ce ta fita, a ƙara.

Sai gaskit. Kayan waɗannan injuna sun yi wuya, don haka yawancinmu yankawa muke yi da hannu, kuma ba laifi ba ne. Amma wanda ya kwaikwayi tsohon gaskit da ya riga ya cinye yana iya tsallake ramin ruwa guda, ko ya huda shi ƙarami. Gaskit na tof-silinda yana iya zama daidai a kan kusoshinsa alhali an kifa shi, ramukan ruwa ba su haɗu ba. Mafi yawa kuwa gam ne. Mutum yana tsoron yoyo sai ya lafta gam a gindin injin, ya ɗaure, gam ya matso ciki ya rufe rabin ƙofar, ko ya yanke ya je ya tsaya a wata ƙaramar hanya. Akwai kuma tsumman da aka cusa a ƙofar ruwan babban inji don kada datti ya shiga lokacin da ƙaramin yake ƙasa. Kafin a mayar da inji, wanda ya cusa tsumma shi zai ciro shi da hannunsa, maigida ya gani da idonsa.

Babbar cutar, a ganina, ita ce laka da tsatsa. Injin da ya shekara 60 ko 70 ya sha ruwa iri-iri: na kududdufi, na rafi, na rijiya, na burtsatse. Duk abin da ruwa ya ɗauko, inda tafiyarsa ta yi sanyi nan yake sauke shi, kuma babu inda ta fi sanyi kamar hanyoyin ƙasan ƙaramin inji. A hankali lakar ta daskare ta zama kamar dutse. Ruwa mai gishirin ƙasa kuma yana barin farin ɓawo a jikin ƙarfe, irin wanda kuke gani a gindin butar mai shayi, kuma wannan ɓawon yana hana zafi ratsawa zuwa ruwa. Mai borin ba ruwansa da wannan, shi cikin silinda aka kai masa. Wanke bulok da fetur ko kananzir yana cire maiƙo ne kawai, ba ya taɓa laka. Sai a sami inji sabo fil ta ciki, hanyoyin ruwansa kuwa suna nan yadda suke tun zamanin kakanni.

Za ku ce, to me ya sa bai yi zafi ba kafin gyara? Tambaya ce mai kyau. Tsohon inji mai sakakkun ringi ba ya matse iska sosai, ƙarfinsa kaɗan, zafinsa kaɗan. Da aka sabunta shi matsi ya dawo, wuta ta ƙaru, ga gogayyar sababbin ringi. Hanyar ruwan da take ɗaukar zafin jiya da kyar, yau ta kasa. Ƙari a kan haka, bugun da bulok ya sha wajen aiki yana ɓamɓaro tsatsa, ta gangara ta toshe ɗan abin da ya rage a buɗe.

Alamar wannan a fili take: kai ɗaya ya fi ɗaya zafi nesa ba kusa ba, alhali fulogi biyun duk suna ba da wuta. A cire wancan kan mai zafi, a zura waya a ramukan ruwa. In ta tsaya a kan abu mai tauri ko ta fito da jan ƙasa, an gano. Aikin haƙuri ne: a cire toshiyar bulok inda take, a yi ta sakata da waya, a hura iska, a watsa ruwa da ƙarfi, a jiƙa da ruwan tsami mai sauƙi irin su binega ko sitirik, a ɗauraye sosai. Kada a kuskura a zuba asid ɗin batir, zai ci ƙarfen da ya riga ya sirance. Kuma kafin a ɗora, a sa tiyo a ƙofar ƙasa a ga ruwa ya fito ta sama da ƙarfi, ta ɓangarorin biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan gwajin na minti goma ne in inji yana kan benci, amma in an riga an ɗora, aikin yini ne.

A duba babban famfon ma. Fukafukansa suna cinyewa da tsatsa, kuma a inda bel ke juya shi, bel ɗin yana saki. A tabbatar famfo yana aiki yadda ya kamata. Cire tamostat kuwa, wanda ya zama al'ada a garejojinmu, ba ya taimakon ƙaramin inji da komai. Abin da yake yi shi ne ya hana dizal ɗumama da wuri, ya tsawaita wahalar tayarwa.

In ruwa ya fita daga zargi, sai a koma kan wuta. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na ƙarfin fetur ke zama aiki a irin wannan inji, sauran duk zafi ne, wani ya bi hayaƙi, wani ya shiga ruwa. Abu biyu ke ƙara wannan zafin: taimin da ya makara, da ƙarancin fetur a cikin iska.

Magnito ne ke ba da wuta, su Eisemann da Wico, kuma giya ke juya shi. Akwai alamomi a jikin giyoyin da fulawil. Kuskuren haƙori ɗaya wajen mayarwa ba zai hana inji tashi ba, shi ya sa yake yaudara. In wutar ta makara, fetur yana kamawa bayan fistin ya riga ya fara komawa, har bawul ɗin hayaƙi ya buɗe wutar ba ta gama ci ba. Waɗannan injuna bawul ɗinsu a jikin bulok suke, a gefen silinda, don haka wutar da ke fita jikin bulok take gasawa kai tsaye. Za ku ga mafitar hayaƙi ta yi ja, inji ba shi da kuzari, da an haɗa shi da dizal sai ya durƙusa. In kuma wutar ta yi sammako, zai yi ƙara kamar ana ƙwanƙwasa ƙarfe, ya riƙa fizge igiya daga hannu. A saita tazarar foyin tukuna bisa abin da littafin injin ya ce, domin tazarar tana sauya lokacin wuta, sannan a bi alamomi.

Ƙarancin fetur kuwa, alamarsa guda ce da ba ta ɓuya: inji ba ya tsayawa sai an ɗan ja cok. Duk ƙaramin injin da yake neman cok bayan ya ɗumama yunwa yake ji. Yana tari ta kafireto, fulogi su fito fari fat. Ƙaramin tankin fetur ɗin nan yana tsatsa, tsatsar ta bi bututu ta toshe jet ɗin kafireton Zenith. An sabunta inji an bar tsohon tanki, ranar farko jet ya toshe. Ko kuma iska na satar shiga ta gaskit ɗin manifol, ko ta sandar maƙura da ta cinye. In satar ta fi ta ɓangare ɗaya, silinda ɗaya ne zai fi zafi, don haka a duba launin fulogi kafin a yanke hukunci cewa laka ce. Fetur ɗin da aka gauraya da kananzir shi ma yana sa ƙwanƙwasa da zafi. Injin nan ɗan fetur kaɗan yake sha, bai kamata a yi masa rowar mai kyau ba.

Hanyar hayaƙi ma abin dubawa ce. Bututun da ya ratsa manifol yana cika da baƙin gawayi, kuma injin da ya daɗe a ajiye zanzaro kan yi gini a bakinsa. Hayaƙin da bai sami mafita ba yana komawa ya dafa bawul.

Sai yanzu muka iso kan abin da kowa ya fara zargi, wato matsewar sababbin kaya. Yana faruwa, amma ana gane shi ba tare da an farke ba. A cire fulogi biyu, a juya fulawil da hannu da sanyi, a sake juyawa da zafi. In da sanyi yana tafiya sumul, da zafi kuma ya ɗaure, to akwai matsi. Ringi yana buɗewa in ya ji wuta, shi ya sa ake barin tazara a bakinsa. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce inci 0.004 ga kowane inci na faɗin silinda. Silindar inci 2¾ irin ta D2 da D4 ke nan tana son wajen inci 0.011, kimanin milimita 0.28, in littafin bai faɗi wani abu dabam ba. Ringin da aka ciro daga kwali aka sa ba a auna ba, bakinsa yana iya haɗewa ya kankare silinda. Haka tazarar bawul: bayan an goge mazauninsa bawul yana nutsewa, tazarar ta ragu, in ya yi zafi ya ƙi rufewa, ya ƙone. A sake aunawa bayan tashin farko, a kuma sake ɗaure kusoshin tof-silinda in inji ya huce.

Baƙin mai bai wuce kimanin lita ɗaya ba, kuma babu famfon mai, watsawa kawai ake yi. Wanda ya kashe ƙaramin inji da makunni ya bar fetur a kafireto, girgizar dizal za ta sa fetur ya yi ta tsiyaya har ya gangara cikin baƙin mai ya tsinka shi. Hanyar kashewa ita ce a rufe famfon fetur, a bar shi ya shanye abin da ya rage ya mutu da kansa. A shinshina sandar auna mai. In ana jin fetur, a juye. Gwamna kuma a tabbatar yana riƙe gudu. Wajen zagaye 3,000 a minti aka yi wa na D2 da D4, wanda ya ɗaure gwamna da waya don ƙarin ƙarfi yana neman ya ga kon-rod a waje.

Akwai gwaji ɗaya mai sauƙi na gane fashewa. Da sanyi, a buɗe murfin lagireto, a tayar da ƙaramin inji shi kaɗai, a leƙa. In kumfa ta fara tasowa nan take, hayaƙi ne ke shiga ruwa, ta gaskit ko ta tsaga, kuma tunda dizal a tsaye yake, ba shakka daga ƙaramin take. In sai bayan mintoci ta fara, tururi ne, ruwan ba ya zagayawa. Injunan da aka shigo da su daga ƙasashen sanyi a bincike su da kyau, domin ruwan da ya daskare a cikin bulok yana tsaga shi, kuma tsohuwar walda tana ɓuya a ƙarƙashin fenti.

Wani lokaci kuma an bar jaki ana dukan taiki. Dizal ɗin da iska ta shiga mansa, ko nozul suka mutu, ko matsinsa ya tafi, zai sa ƙaramin inji ya yi ta jan cikakken nauyi ba iyaka. Kulocin ƙaramin giya in yana sulɓewa, zafinsa ma yana hawowa. Ga kuma abin da ya shafe mu musamman: a watan Afrilu, da zafin rana ya haura digiri 40, katafila ta mutu tsakiyar aiki, ruwanta yana wajen 80. Ƙarfen da ya kamata ya shanye zafin ƙaramin inji shi kansa da zafi yake. A irin wannan hali babu zancen jira, da ya kama a haɗa shi da dizal.

In zafi ya riga ya kama, a rufe fetur, a ƙyale shi ya huce da kansa. Kada a watsa masa ruwan sanyi. Ƙarfen zubi ne, tsagewa yake yi, kuma bulok ɗin nan ba a shiga kasuwa a saye shi. Kada a buɗe murfin lagireto yana tafasa. Ƙannena, kada ku naɗe igiya a hannu, kuma kafin a ja ta a tabbatar giya tana firi, babban kuloci a sake, birki a ɗaure. Kada a tayar a rufaffen ɗaki, hayaƙin fetur yana kisa.

Na san wasu suna cewa a cire shi gaba ɗaya a sa kik da batir. Inda gidan fulawil ke da gurbin kik, ana iya yi, kuma ba na zargin wanda ya yi. Amma ƙaramin inji yana hawar da baƙin mai ko'ina cikin dizal kafin ya ɗau wuta, yana ɗumama shi, kuma a tsakiyar daji ba ya neman caji. Wannan yana cikin dalilan da suka sa waɗannan injuna suka kai yau da ransu. Ni a wurina, wanda ya cire lafiyayyen ƙaramin inji saboda lakar da waya za ta iya fitarwa ya yi asara.

Roƙona ga iyayenmu masu gareji shi ne ku sa yaranku su riƙa gwada hanyar ruwa da tiyo kafin a ɗora kowane ƙaramin inji, ku tsaya a kansu har ku ga ruwan ya fito ta ɓangarorin biyu. Wanda yake da littafin aikin D2, D4, D6, D7 ko D8 a cikin akwati, ya taimaka a yi hotonsa a raba wa 'yan'uwa, domin tazarar bawul da ta foyin da alamomin taimin duk suna ciki. Masu katafila kuma, don Allah ku riƙa tara ruwan sama mai tsabta saboda lagireto, ku sa masa maganin tsatsa, ku daina ɗibar na kududdufi.